Kula da karnuka a Accra: yaushe aiki ke yawa, yaushe yake ɗaukewa

Ɗana, ka tambaya me ya sa a Disamba wayarka ba ta huta ba, amma tun da Janairu ya raba tsakiya babu wanda ya neme ka, kuma ko mutum zai iya riƙe kansa da wannan aikin kaɗai. Zai iya, in ya gane cewa tafiyar masu gida ce ke kawo aikin, ita kuma tana da lokutanta.

Dubi masu biyan kuɗi a kwana da karensu: ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin waje a Cantonments, Labone da Airport Residential, sai masu hali na East Legon. Da yawansu 'ya'yansu na makarantu irin su Lincoln da Ghana International School, masu dogon hutu daga wajen Yuni zuwa Agusta. Nan ce babbar kakarka, don gida ɗaya zai iya riƙe ka mako 4 zuwa 8. Ta biyu daga tsakiyar Disamba ce zuwa makon farko na Janairu, gajeriya, amma kowa yana nemanka a rana ɗaya. Ista kwana 4 ce kawai, ana tafiya Kwahu ko bakin teku, kada ka ɗora lissafi a kanta.

Kakar Yuni ta fi kuɗi, ta fi wahala, domin ta faɗo tsakiyar damina. In kogin Odaw ya cika ya rufe shataletalen Circle, kai kana Nima kare yana Cantonments, ba trotro (motar haya) ɗin da zai kai ka a kan lokaci. Saboda haka a Yuni da Yuli karɓi aikin kwana a gidan, gida ɗaya, in ya yi yawa ka ƙara na makwabta wanda za ka taka da ƙafa. Kaska ma a lokacin take yawa. Kowace yamma bi jikin kare da yatsu: cikin kunne, ƙarƙashin abin wuya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa. Ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe a hankali. In ka fizga, bakinta zai karye a ciki wurin ya kumbura. Karen da ya ƙi abinci kwana 2, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari, zazzaɓin kaska ake zargi, a ranar za ka kai shi likitan dabbobi. Kada kuma ka shanya shimfiɗarsa a ƙasa. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da tsumma mai danshi, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Shanya a igiya cikin rana, sannan ka bi da dutsen guga.

Disamba kuwa abin tsoro shi ne ɓatan kare. Daga Kirsimeti zuwa daren 31 ga wata yara na fasa nokawut (abin wasan wuta mai ƙara), kare ya firgita, baƙi na shige da fice, ƙofa a buɗe, shi ke nan ya fice. Fita da shi kafin magariba, ka shigar da shi ɗaki mai rufi, ka kunna rediyo ko fanka, ka duba abin wuyansa: yatsu 2 kawai ya kamata su shiga tsakaninsa da wuya. A wannan watan za ka ji kwaɗayin karɓar gida biyar. Kada ka wuce abin da za ka iya dubawa safe da yamma da idonka. Tun Oktoba ka fara rubuta sunaye, ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami ta MoMo (tura kuɗi ta waya), ka faɗi farashin biki tun da wuri.

Watannin da ka ke kuka da su, wato ƙarshen Janairu zuwa Afrilu, da Satumba zuwa Nuwamba, masu gida suna nan amma suna ofis. Nan za ka nemi aikin wata: fita yawo, wanka, cire kaska, kai kare allurar haukan kare da ta kwikwiyo. Gida 3 ko 4 a unguwa ɗaya masu biya duk ƙarshen wata sun fi maka amfani a kan goma na Disamba, kuma su ne za su ba ka mabuɗi in Yuni ya zo. Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne, sai ka gama yawo kafin ƙarfe 7 na safe. Ɗora bayan hannunka a kwalta. In ba ka iya jure daƙiƙa 5 ba, tafin kare ma zai ƙone. Kare irin Boerboel mai kilo 50 yana shan wajen lita 3 a rana, a zafi fiye da haka, don haka kwano biyu, ɗaya a inuwa.

Daga kuɗin kakar Yuni da ta Disamba ware kashi 1 cikin 3 ka zuba a adashi, shi zai biya haya a Fabrairu. A shekarun nan azumi yana faɗowa cikin wannan zafin, Babbar Sallah kuma dab da kakar Yuni, to ka sanar da mai gida ranar Idi tun kuna yarjejeniya, ka kawo wanda zai tsaya maka ya saba da karen mako guda kafin nan. Ka ajiye kayan aiki daban da na salla, a jaka daban.

Kafin mai gida ya kama hanyar filin jirgi, karɓi katin rigakafi, lambar likitansa, da abincin da zai kai har dawowarsa da ƙarin mako guda. In buhu ya ƙare ka sauya wani iri a dare ɗaya, zawo ne zai biyo baya. Ana sauyawa ne cikin kwana 7, ana gauraya sabo da tsoho kaɗan-kaɗan.