Filin Tambaya da Amsa: Tambayoyin Canki-Canka a Jarrabawar Kimiyya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare, kuma ajina ya haura ɗalibai 80. Saboda yawansu, a ƙarshen kowane zango nakan tsara tambayoyi 40 masu zaɓin amsa, waɗanda yara ke kira canki-canka. A zangon da ya wuce wata yarinya da ta fi kowa gane darasi ta faɗi, alhali wani yaro da ba kullum yake zuwa aji ba ya ci fiye da rabi, kuma da na tambaye shi sai ya ce duk amsar da ta fi tsawo yake zaɓa. Ina gyaran yake?
Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika nemi laifin a jikin takardarki kafin ki ɗora shi a kan yara.

Bari mu fara da yaron, domin abin da ya lura da shi gaskiya ne. Idan malami yana rubuta amsar da take daidai, yakan yi ta ƙara mata bayani don kada a same ta da aibu, sauran ukun kuwa sai ya jefa su a gurguje, don haka daidai ɗin takan fito doguwa. Maganinsa shi ne zaɓuɓɓukan su zo kusan tsawo ɗaya, da sigar jimla iri ɗaya, kuma amsoshin daidai su warwatsu tsakanin A, B, C da D, kada su taru a harafi ɗaya. Ki tuna cewa idan zaɓi huɗu ne, wanda bai san komai ba ma yana iya samun kimanin 10 cikin 40 da sa'a kawai, kuma duk zaɓin da kowa zai gane shirme ne yana ƙara masa wannan rabo.

Nan ne aikin yake da wuya, wato samo amsoshin kuskure masu kama da gaskiya. Ba sai kin ƙirƙiro su ba, suna nan cikin littattafan aikin ɗalibanki. Idan kika tambayi inda tsiro yake samun abincinsa, yara da yawa za su ce daga ƙasa yake tsotsa ta saiwa, domin sun ga ana zuba taki a gona. Wannan kuskure shi ya dace ya zauna kusa da amsar gaskiya, cewa a ganye tsiro yake haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iskar kabon-dayoksaid, domin wanda ya zaɓe shi ya nuna miki daidai inda fahimtarsa ta tsaya. Idan kuma kin rasa kuskure na uku mai ma'ana, ki tsaya a zaɓi uku. A shekarar 2005 wani masani a Amurka, Michael Rodriguez, ya tattara binciken shekaru 80 a kan wannan batu, ya nuna cewa zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan lokuta. Sai dai masu shirin WAEC da JAMB ya kamata su saba da huɗu, tunda shi za su tarar. Ki kuma guji zaɓin nan na "duk na sama daidai ne", domin wanda ya gane biyu kawai ya riga ya ci.

Batun yarinyar ya fi damuna. Da Turanci ake jarrabawar, amma yawancin yaranmu da Hausa suke tunani, saboda haka tambaya mai jimla doguwa da baƙin kalmomi tana auna Turancin yaro tun kafin ta kai ga kimiyyarsa. Kalmomin fannin da kika koyar dole su zauna yadda suke, amma duk sauran kalmomin ki sauƙaƙa su. Kalmar korewa irin su "not" da "except" tana yawan kayar da masu ƙoƙari, domin idonsu yana sauri zuwa ga amsar da suka san gaskiya ce. Idan ba makawa sai kin sa ta, ki rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Haka misalan da ake ginawa a kai. Tambayar da aka kwafo daga littafin waje tana maganar wasan sulɓi a kan ƙanƙara ba ta yi wa yaron Gusau adalci ba. Ki tambaye shi dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, ki sa masa a cikin zaɓin cewa yumɓu ne mai sanyi a halittarsa, tare da amsar gaskiya cewa ruwa yana tsattsafowa ta jikin randar ya zama tururi ya tafi da zafi. Da wannan ilimi ne Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma ki lura kada misalan su karkata duka ga gona ko ƙwallon ƙafa, domin a ajin akwai ɗan birni, akwai kuma 'yan mata.

Ki zauna da yarinyar ta karanta miki takardar da baki, wataƙila ma ido ne matsalar. Fotokwafi mai dishi-dishi, da zanen da layukansa suka haɗe, da tambayoyin da aka rubuta a allo alhali yaro yana bencin baya, duk suna cin maki. Kowane zaɓi ya hau layinsa, mai raunin gani a buga masa da manyan haruffa ko a karanta masa, kuma idan tambaya ta shafi launi, kamar sauyin takardar litmus da ake gwada asid da ita, a rubuta sunan launin, domin akwai yaran da ba sa bambance wasu launuka, musamman maza.

Bayan kin gama maki, ki ware takardu 20 na sama a maki da 20 na ƙasa, ki ƙirga yadda kowane rukuni ya amsa kowace tambaya. Wadda na sama suka fi faɗuwa a kanta, ko dai lafazinta ya rikice ko kuma amsar da kika riƙe ce ba daidai ba, kuma adalci shi ne a cire ta daga lissafi. Zaɓin da babu wanda ya taɓa shi ki musanya shi, tambayoyin da suka yi aiki kuma ki adana su a littafi guda domin zango mai zuwa.