Mu kaset muka sani, ba albam ba

Ɗana, tun shekaranjiya na ga tambayarka, cewa wane albam ne ya fi kowanne a shekarun 1980, kuma me ya sa duk wanda ya haura hamsin sai ya ce waƙar da ta fi ta yanzu. Na ga masu cewa Thriller na Michael Jackson, na ga masu kawo Bob Marley, kuma ban ƙaryata kowa ba. Sai dai ni daga 1983 zuwa 1988 a shagon kaset na yayana nake wuni, a bakin tashar mota a Funtuwa, don haka bari in ba ka abin da idona ya gani.

Ita kanta kalmar albam ba ta bakinmu a lokacin. Ba wanda ya taɓa tsayawa gaban teburinmu ya ce a ba shi albam. Mutum zai ce, "Yaro, akwai Shata?" Ka ce wanne. Ya ce, "Wanda akwai Bakandamiya a ciki." Ciniki ya faɗa. Muna da kaset ɗin da muke kira uwa, wanda ba a sayarwa ko nawa aka taya, daga shi ake kwafa. Da farko rakoda biyu muke haɗawa da waya, daga baya Yaya ya sayo mai baki biyu, muka ga kamar mun hau jirgi. Kaset ɗin da ba komai a kansa kuwa TDK ne ko Sony ko Maxell, C-60 mai minti 30 a kowane gefe, ko C-90 mai minti 45. Mun fi son C-60 don zarensa ya fi kauri, rakoda ba ta cika tauna shi ba. Ni ne mai rubuta suna da biro a jikin takardar. To ka ga abin da kai za ka kira albam, a wurinmu zaɓin yayana ne kawai: wace waƙa za ta shiga gaba, wace za ta cike bayan. Mutum biyu kowa na riƙe da kaset mai suna Shata, amma abin da ke ciki daban. Idan waƙa ta fi gefen tsawo, a tsakiyar baiti za ta yanke, ka juya ka ci gaba.

Shekarun ma ba su rabu yadda kake zato ba. An kashe Sardauna a Janairun 1966, amma waƙar da Musa Ɗanƙwairo ya yi masa, Mai Dubun Nasara, muna sayar da ita a 1985 kamar jiya aka yi ta. Da yawan abin da muke kwafa daga faifan garmaho ya fito, wasu kuma wani ne ya ɗauka daga Rediyon Kaduna, har ka ji wutsiyar muryar mai gabatarwa. Kaset ba ya ɗauke da kwanan wata. Ranar da waƙa ta shigo kunnenka, ranar aka haife ta.

Amma tunda ka ce a zaɓa, ni Ɗanmaraya Jos zan ɗauka, kaset ɗin da muke sa Waƙar Karen Mota a farkonsa, Jawabin Aure a bayanta. Na san masoya Shata za su taso min, to ku yi haƙuri ku ji dalilina. Shata giwa ne, ba a haɗa shi da kowa, ga shi ɗan gari, don a Funtuwa yake zaune. Amma Shata da rundunarsa yake tafe, makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙira. Idan aka kwafi kaset daga kwafi, aka sake kwafa daga wannan, kalangun sai ya dunƙule ya zama gunji. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Ko kwafi na huɗu ne, ko batir ya yi sanyi, ko lasifikar motar ta fashe, kowace kalma za ka ji ta tsaf. Kuma kalmomin a kan mutanen da ke tsaye gabana suke.

Akwai wani karen mota, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, da ke bin wata babbar mota mai ɗaukar auduga. Duk sanda suka sauke kaya sai ya zo, hannunsa baƙi ƙirin da mai, tsumma a kafaɗa. Bai taɓa sayen kaset ba, ina ya ga rakoda? Sai dai ya jingina da ƙyauren shagon ya ce, "Ɗan'uwa, sa mana tamu." In Yaya ba ya nan in sa masa. Ba ya rawa, ba ya bin waƙar, tsayuwa kawai yake yana kallon ƙasa, in an zo wani wuri ya yi ɗan murmushi ya girgiza kai. Da ta ƙare sai ya ce na gode ya koma gindin mota. Shekara kusan uku muna haka, ban taɓa tambayar sunansa ba.

Mata kuwa ba sa zuwa da kansu. Yara ake aikowa da kuɗi ƙulle a bakin ɗankwali, a ce na Barmani Coge ake so, mai Sakarai Ba Ta Da Wayo. Wata rana wata yarinya ta ƙara da cewa, "Ta ce a nannaɗe a takarda, kar Baba ya gani." Barmani ma tamu ce, 'yar Funtuwa, kuma kiɗan ƙwaryarta ya shiga gidajen kulle da ƙafar mu maza ba ta taka ba. 'Yan dambe da mahauta Ɗan'anace suke nema, waƙar Shago. Samarin da soyayya ta kama kuwa sai Haruna Uji da gurminsa, waƙar Jummai. Mu 'yan makaranta kuma kanmu ya rabu biyu, rabi a nan rabi a Indiya, musamman bayan Disco Dancer ta 1982 ta zagaye silima.

Indiyan nan ce ta ja min dukan da har yau ban manta ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da kaset ɗin Shata guda da yake ajiyewa cikin gwangwanin alewa tare da takardun gona. An ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset ɗin don kada a ɗauki wani abu a kai. Ni kuwa a shago na koyi dabara: ka cusa takarda a ramin, rakoda za ta yarda. Ina son waƙoƙin Indiya, ba ni da kuɗin sabon kaset, sai na ce bari in ɗauka a ƙarshen gefe na biyu inda nake zaton babu komai. Ashe akwai. Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya shimfiɗa buzunsa a zaure da abokansa biyu, Shata na tsaka da wasa wani basarake, sai ga muryar mace 'yar siririya ta faso da Indiyanci. Zauren ya yi tsit. Baba bai ko waiwayo ba, ya ce a kira masa ni.

Batun ko waƙar da ta fi ta yanzu, a nan ba zan bi tsarana ido rufe ba. A shagonmu akwai kwali guda na kaset ɗin da ba mai tambaya, mawaƙan da ba abin da ke bakinsu sai wane ya ba ni riga, wane ya ba ni babur. Su ma waƙar da ce, amma wa ke tuna su? Abin da ya iso kunnenka yau an riga an tankaɗe shi, tsakin ya zube a hanya. Shekara 30 nan gaba haka za a tankaɗe waƙoƙin fiyanon nan da suka shigo tare da finafinan Hausa, kuma za a sami gari a ciki. Ni dai in na ji Aminu Ala na san akwai Hausa a bakinsa.

Abin da na yarda ya canza shi ne yadda ake ji. Batir tsada gare shi, har shanya shi muke a rana don ya ɗan farfaɗo. Ba mai ɓarnar batir wajen tariya, sai dai ka zare kaset ka soka biro a ramin ka yi ta juyawa. Saboda haka ba a tsallake waƙa. Wadda kake so da wadda ba ka so duk sai ka ji su, har wadda ba ka so ɗin ta zauna maka. Rakoda ɗaya ce a gida, abin da Baba ya sa shi kowa zai ji, daga zaure har madafa. In kuma Zaɓi Sonka ake yi a Rediyon Kaduna, ka kasa kunne ko za a ambaci garinku. Yanzu 'yata tana da waƙa ɗaruruwa a waya, abin ji a toshe a kunne, ni da muke gida ɗaya ban san me take ji ba, ita ma ban ga ta kai ƙarshen guda ba.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Allah ya gafarta musu. In za ka neme su a intanet, kada ka ɗauki guntayen minti biyu da ake yankawa. Nemi cikakkiya, ka kife wayar, ka bar ta ta ƙare.

Kaset ɗin Baba yana wurina, a gwangwanin nasa, da Indiyan da komai. Zaren ya taɓa tsinkewa na liƙe shi da jan farce. Rakodata ce ta mutu tun bara, robar da ke juya ta ta narke, mai gyaran unguwarmu kuma ya ce rabon da ya ga irinta ya manta. In akwai wanda ya san mai gyaran rakoda tsakanin Funtuwa da Zariya, don Allah ya yi min kwatance.