Motsa abu da tunani kawai

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya motsa cokali da tunaninsa ba tare da ya taɓa shi ba. A kimiyyance a'a, ba a taɓa tabbatar da hakan ba. Wutar lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwa ko allura ba za ta iya turawa daga nesa ba. A Amurka, wani mai rufa-ido mai suna James Randi ya sa kyautar dala miliyan 1 ga wanda ya nuna irin wannan a gaban masu gwaji. Har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci.

Na taɓa tsayawa a tashar Kawo, wani mai rufa-ido yana jan allura da kallo. Da na sunkuya, sai ga maganaɗisu ɗaure a gwiwarsa ƙarƙashin tebur. Don Allah kada ka biya kowa kuɗin koyo sai ya yi a kan teburinka, da allurarka.