Tambaya da Amsa: Wane ne Norman Borlaug?

Tambaya: Malaman gona na shirin Sasakawa sukan ambaci wani Bature mai suna Borlaug. Wane ne shi, kuma me ya haɗa masanin cutar shuka da kyautar zaman lafiya? Daga wani manomin alkama a Kura, Jihar Kano.

Amsa: Malam, an haifi Norman Borlaug a 1914 a wata gona kusa da garin Cresco, Jihar Iowa ta Amurka. Ilimin gandun daji ya fara karantawa a Jami'ar Minnesota, sai laccar Farfesa Elvin Stakman a kan cutar tsatsa mai kama alkama ta sauya masa akala, har ya sami digirin digirgir a fannin cututtukan tsirrai a 1942.

A 1944 ya tafi Meziko ƙarƙashin shirin Gidauniyar Rockefeller, inda tsatsa ke cinye alkama. Wannan cuta dangin funfuna ce da iska ke yaɗawa; takan feso ja a jikin kara ta shanye abincin shuka, ƙwaya ta motse. Borlaug ya nemi maganinta a cikin irin alkamar shi kansa, ta hanyar barbarar ire-iren alkama dubbai domin ya tace masu jure cutar. Dabararsa da ta fi burge mu ita ce noma sau biyu a shekara, da damina a tsaunukan Toluca, da sanyi kuma a kwarin Yaqui da ke Sonora, abin da ya rage tsawon aikin da rabi, ya kuma haifar da irin da ke karɓar ƙasa daban-daban. Daga baya ya haɗa shi da gajeriyar alkamar Japan, Norin 10, wadda ba ta kwanciya idan ta sha taki zangarniya ta yi nauyi.

Wannan iri ne ya ɗaga noman Indiya da Pakistan a shekarun 1960, kuma saboda yunwar da ya kawar aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Masu suka suna cewa irin nasa sai da taki da ban ruwa, wanda ba kowane talaka ke iyawa ba, kuma maganarsu ba ta rasa tushe.

A 1986 shi da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa shirin da kake magana a kai, aka fara da Ghana da Sudan, ya iso Nijeriya a 1992. Tsatsa kuwa ta sake ɓullowa da sabon nau'i a Uganda, wato Ug99, kuma yana kan faɗakar da duniya game da ita ya rasu a 2009, yana da shekara 95.