Barista, zan iya ɓoye fistol a jikina in hau mashin?

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta saƙonka har ƙarshe, kuma kafin komai Allah ya kuɓutar da abokin tafiyarka da aka ɗauke, Allah ya tsare na gaba. Ka ce kai ɗan kasuwa ne, hatsi kake saye a ƙauyuka ka kai Talata Mafara ranar kasuwa, duk zirga-zirgarka kan mashin kake yinta kuma da kuɗi a jikinka, yanzu wani ya kawo maka tayin ƙaramar bindiga ƙirar gida, ka kuma ga bidiyoyin turawa masu manyan mashina a YouTube suna nuna yadda suke tafiya da tasu a ɓoye. Tambayarka biyu ce, ina zaka samu lasisi, kuma yaya zaka ɗauke ta lafiya ba tare da ta jawo maka matsala ba.

Bazan ɓoye maka ba, a dokar Najeriya yadda take a yau babu wata hanya da ɗan kasuwa kamarka zai soke fistol a ƙugu ya hau mashin a ce yana kan doka. Babu. Kuma don Allah kar ka sayi wagga bindiga.

Waɗancan turawan da ka gani a ƙasarsu suke. Tsarin mulkin Amurka tun gyaran 1791 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, jihohinsu na ba da takardar yawo da bindiga a ɓoye, wasu jihohin ma ko takardar basa nema, kuma a 2022 kotun ƙolinsu ta ƙara tabbatar da cewa mutum na da haƙƙin fita da ƙaramar bindiga wajen gidansa. Mu tsarin mulkinmu na 1999 babu wanga haƙƙi a cikinsa ko kaɗan, abinda ke ciki shine maganar makamai da harsasai da abubuwan fashewa ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai.

Dokar bindigogi ta tarayya, wadda asalinta tun 1959 take kuma har yau ita ake aiki da ita, kashi uku ta raba bindigogi. Akwai na gargajiya masu ɗuri ta baki, irin adaka ta mafarauta, waɗannan maganarsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Akwai na biyu, irin bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko baki biyu da raiful na farauta, waɗannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke da ikon ba da lasisinsu. Sai kashin da aka haramta gaba ɗaya, inda aka jera bindigogin yaƙi da mashinga da gurneti da rokoki, toh a cikin wanga jerin ne aka sa fistol da ribolba, kuma dokar bata bambanta ƙirar kamfani da wadda maƙeri ya haɗa da bututu ba. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe irin waɗannan sai da lasisin da shugaban ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. Kaga kenan ba DPO ba, ba kwamishina ba, ba gwamna ba, ba mai martaba ba. Duk wanda ya ce maka kawo kuɗi ya yanko maka takardar fistol a Gusau, takardar bogi zai baka, ranar da aka kama ka sai ta zama ƙarin tuhuma a kanka.

Hukuncin kuma ba na wasa bane. Sashe na 27 na dokar ya sa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka samu da haramtacciyar bindiga. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma a sashenta na 3 ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ko duka biyun, kuma kar tarar nan ta ruɗe ka don alƙali ke zaɓa ba kai ba. Harsashi ma laifinsa daban. Abinda mai gabatar da ƙara zai nuna kawai abu uku ne, an same ka da ita, bindiga ce a ma'anar doka, baka da lasisi. Ba sai ka harba ba, ba sai ka nuna ma kowa ita ba, ko babu harsashi a ciki, kuma cewa ajiya aka baka ko ta yayanka ce ba zai fidda kai ba in dai ka san da ita a hannunka.

Nasan abinda zaka ce, ai gwamna da kansa ya ce kowa ya nemi bindiga. Gaskiya ne an yi haka, a watan Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta sanar da cewa jama'a su mallaki bindiga don kare kansu, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19. Amma ka tuna abinda ya biyo baya, kwamishinan 'yan sanda na lokacin ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi na nan ba a ɗage ba, babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya ce gwamna bai da wanga hurumi. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Ni ban ga laifin wanda ya ji sanarwar 2022 ya ɗauka an buɗe ƙofa ba, mutane sun gaji da binne 'yan uwansu, amma sanarwar rediyo bata goge dokar tarayya, kuma ba za ka iya miƙa ma alƙali ita a matsayin lasisi ba.

Yanzu bari mu zo kan mashin ɗin, don a nan ne abin yafi damuna. A Zamfara mashin ba abin hawa bane kawai a idon jami'in tsaro, da shi ɓarayin daji ke shiga gari, da shi ake kai masu mai da burodi da harsasai, shi yasa tun 2021 lokacin da aka katse layukan waya ake ta sa dokokin hana hawansa da dare da hana sayar da mai a jarka. Ka ɗauka ka iso shinge da la'asar, soja ya ce kashe mashin ka turo, ka turo, ya ce ɗaga riga, ko ya shafa ƙugunka ya ji ƙarfe. A wanga lokacin babu wanda zai tsaya jin labarin buhunan geronka. Mutum kan Boxer, daga hanyar daji, da fistol a ɓoye, da damin kuɗi a aljihu, wallahi Malam duk abinda ake nema a jikin ɗan aiken 'yan bindiga ya cika a kanka. In Allah yasa baka tsorata ka kai hannu ƙugu ba, don wannan kaɗai ya isa a harbe ka a wurin, toh tuhumar da zata biyo ba lallai ta tsaya a mallakar bindiga ba. Tun Janairu 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, akwai dokar ta'addanci ta 2022, ga kuma dokar jihar Zamfara ta 2022 da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu garkuwa da masu basu bayanai. Ko da a ƙarshe an wanke ka daga waɗannan, watannin da zaka yi a tsare kana jiran shawarar ma'aikatar shari'a babu mai biyanka su, jarinka ya narke, iyalinka na yawon neman beli. Garin neman gira ka rasa ido kenan.

Ga kuma ita kanta bindigar. Ƙirar gida bata da makullin da zaka amince da shi, mashin kuma ana faɗuwa, ga rairayi ga ramu ga girgiza, ta tashi a cinyarka kana tsakiyar daji ina zaka? In an kai ka asibiti dokar 2017 ta tilasta masu su duba mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, wannan alheri ne, amma ita dai dokar ta ce su sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Sannan waɗanda kake tsoro ba mutum ɗaya bane da wuƙa, su goma su ashirin suke tare hanya da AK-47, in suka laluba suka ji bindiga a jikinka ɗan sa-kai zasu ɗauke ka, kai ka fi ni sanin abinda suke yi ma wanda suka ɗauka ɗan sa-kai ne.

Kar ka fahimce ni kamar doka ta ce ka tsaya a yanka ka. Sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda da kare kai da kare dukiya, dokar final kod ma daga sashe na 59 ta yi bayaninsa, shari'ar Musulunci kuwa ka sani. Sai dai yana da iyaka, kar ƙarfin da ka yi amfani da shi ya wuce buƙata, kuma in haɗarin ya gushe haƙƙin ya ƙare. A watan Maris 2025 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan manomin nan na Adamawa Sunday Jackson wanda aka kai ma hari da wuƙa a gonarsa ya kashe maharin, bisa cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Mutane da yawa hukuncin bai masu daɗi ba, nima haka, amma yana nuna maka yadda kotu ke auna abin. Kuma ko an yarda kare kanka ka yi, laifin riƙe bindiga babu lasisi yana nan daram, shari'arsa daban.

Toh mi zaka iya yi? In dai makami kake so bisa doka, wanda ƙofarsa ke akwai a takarda shine na kashi na biyu da na gargajiya, ka rubuta buƙatarka zuwa ga kwamishinan 'yan sanda a hedikwatarsu ta Gusau, ka ajiye kwafi, ka jira amsa a rubuce, kar ka sayi komai sai lasisin ya shigo hannunka. Ka sani ba haƙƙi bane, ana iya hana ka, kuma dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi, da wanda aka taɓa yanke ma hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Fom-akshin, wato bindigar harbin tsuntsaye da ake jan hannunta ta ɗura sabon harsashi, kar ka sa ta a lissafi, bata cikin kashi na biyu. Lasisi kuma na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba a aronsa ba a gadonsa, wadda baba ya bari ba taka bace a doka don kawai tana ɗakinka. Katin ƙungiyar 'yan banga shima ba lasisi bane. In aikin tsaron kake so ka shiga da gaske ga Askarawan Zamfara da gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairu 2024, ta nan ake bi, da horo da shugabanci.

Amma ni a ganina abinda zai fi rage maka haɗari shine ka raba jikinka da kuɗin. Ka riƙa tura su ta banki ko ka bar su wurin mai POS da ka amince da shi ka karɓa a kasuwa, ku haɗu ku 'yan kasuwa ta bakin shugabanninku ku nemi rakiyar jami'ai ranar kasuwa, ƙungiya in ta rubuta ana jinta fiye da mutum ɗaya. Ka riƙa tambayar dokar hawan mashin ta ƙaramar hukumar da zaka shiga don suna canzawa. Takardun mashin da katin shaidarka su kasance a jikinka. Kuma kar ka ɗauki ƙullin kowa baka buɗe ka gani ba, wannan har 'yan kabu-kabu nake ma magana, da yawa a haka suka shiga uku.

In kuwa ka riga ka karɓe ta ne kake jin nauyin faɗa mani, toh kar ka sayar ma wani don sayarwar ma laifi ne, kar ka jefa ta rijiya ko ka ba yaro ajiya, kuma kar ka ɗauko ta kan mashin kace zaka kai caji ofis da kanka, in aka tare ka a hanya babu mai yarda can zaka. Ka samu lauya ya rubuta ma 'yan sanda tukuna, a sa rana, ka tafi da shi da hakiminku ko wani dattijo da aka sani, a karɓa a baka shaida a rubuce. Miƙawar bata zama kariya kai tsaye a doka, amma wanda ya kawo da kansa da takarda matsayinsa ba ɗaya bane da wanda aka zaro ta daga wandonsa a shinge.

In kuma ƙaddara ta faɗa aka kama ka ko wani naka, hannu a sama, babu gudu babu gardama. Sashe na 35 na tsarin mulki ya baka damar yin shiru har sai ka ga lauya, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu, sai dai in tuhumar mai hukuncin kisa ce nan lissafin ya canza. Kar ka dangwala hannu a bayanin da aka rubuta da turanci ba a karanta maka da Hausa ba, mafi yawan shari'un nan a kan wagga takarda ake kayar da mutum. In babu kuɗin lauya, 'yan uwa su je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya a Gusau, kyauta suke tsaya ma marar hali. Su tafi da sunan ofishin da ake tsare da kai da ranar da aka kama ka.