Manhajar tsara adana hotunan takardun Ajami

Malam, ka tambayi manhajar da za ta tsara maka yadda hotunan takardun Ajamin kakanka na nan Katsina za su daɗe ana buɗe su. Akwai Plato, wadda Jami'ar Fasaha ta Viyana ta ƙirƙira ƙarƙashin Planets, wani shirin Tarayyar Turai na adana bayanan kwamfuta, 2006 zuwa 2010. Ba ajiya take yi ba. Gwaji take yi da samfurin fayiloli, a ga ko mayar da su TIFF ko PDF/A, nau'o'in fayil na adanawa mai ɗorewa, ya fi. Gaskiya dai aikin manyan cibiyoyi ce, ta yi maka nauyi.

Fara da wata manhaja mai suna DROID, kyauta ce, za ta faɗa maka nau'in fayilolinka. Sai ka yi kwafi 3, ka kai ɗaya wajen 'yan'uwa a Daura, don zafinmu da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'ura.