Tambayoyinku Kan Hausa: Adalci, Raba-daidai da Kashin Dankali

Wata ɗaliba mai karatun aikin kula da jin daɗin jama'a ta aiko daga Unguwar Rogo: "Malam, adalcin zamantakewa da ake koya mana, ba raba-daidai ake nufi ba?"

A'a, 'yata. Adalci aro ne daga Larabci, Bahaushe kuma ya san shi da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Uwar da ta zuba wa ɗanta mai jinya kunu ludayi uku, ta ba lafiyayyen biyu, ba ta raba daidai ba, amma wa zai ce ta yi zalunci?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa adalci da alfarma. Ka ji an raba shinkafa mudu bibbiyu, mai rahoto yana cewa "an yi wa talakawa adalci". Wannan sadaka ce, ko tallafi. Sadaka mai bayarwa ke da zaɓi. Haƙƙi kuwa bashi ne. Kwanaki na ga mai keken guragu a gindin matakalar wani ofishi, samari biyu suka ciccibe shi da keken, yana ta "Allah ya saka". Samarin sun yi tausayi. Masu ginin ne suka ci haƙƙinsa, domin dokar hana wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Sashe na 14 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya ɗora ƙasar nan a kan dimokuraɗiyya da irin wannan adalcin. Idan kin fita aiki, ki riƙa tambaya: wannan roƙo yake yi, ko bashi yake bi?

Wani daga Gangare: "Mene ne kashin dankali?"

Mutumin Jos ne ke tambayar wannan? Je kasuwar Farin Gada ka ga yadda ake kasa shi: ƙanana a ƙasa, manya sun hau kansu. Danniya ke nan. Kuma daga kasawa aka samo kashin, ba ƙashi ba ne, balle ɗayan da yara ke ƙyalƙyala dariya a kai.

Wata daga Dilimi: "Jinƙai ko jin kai?"

Da ƙugiya rahama ne, babu ƙugiya girman kai. Ki kula da alƙalaminki.